Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar kwat
a ƙasan wani gidan wasan kwaikwayo a Tbilisi.
Ka miƙo rigar sanyinka, in miƙa maka ƙarfe mai lamba.
Ban taɓa tambayar kowa sunansa ba.
In labule ya sauka, mai ƙarfe shi ne mai riga,
ko da fuskar ba ta ɗazu ba ce.

Guram ya rasu a watan matsar inabi.
Ya bar mini tabarau biyu, da bashin mai burodi,
da kwamfuta a teburin kicin,
shafin kiɗansa a buɗe
kamar ya tashi ne ya leƙa tukunya.
Kalmar sirrin kuwa da ita aka binne shi.
Na gwada sunana. Ba ni ba ce.
Na gwada sunan karensa, na ji kunyar kaina, na bari.

Jikata Nutsa, wadda wannan ne abincinta, ta ce:
Kaka, ai sana'arki ce.
Sau ɗaya tak ya faɗi kalmar a bakin ƙofa,
suka gaskata, suka ba shi lamba,
burauza ta jefa a aljihu.
Kukis ake ce musu, amma ba a ci.
Duk waƙar da kika taɓa, sai ta ɗaga lambar,
can wata uwa duniya na'ura ta duba littafinta,
ta ce Guram ne, a ba shi.
Biyu ne ma. Ƙaramar ba ta wuce awa guda,
babbar ke zuwa a ɓoye ta karɓo sabuwa
kina barci.
Kada dai ki bari kowa ya yi wa burauzar shara.

To, ga inda bai mutu ba.
Kullum da safe ana gaishe shi da sunansa,
ana ce masa ga wasu da za ka so.
Ni ke amsawa. Ina soya ƙwai, mazan dutse suna rera masa
da murya uku, ta ƙasan tana girgiza cokali.

Wata biyar muna haka.
Wani dare sai kiɗan ya yanke a tsakiyar numfashi:
ana saurare a wata na'ura.
Na danna, ya dawo. Aka fizge.
Ni da wani da ban sani ba
muna ja kamar masu bargo ɗaya.
Ganguna yake so, masu kama da rushe gini.

An kwafi ƙarfen, in ji Nutsa.
Wata 'yar manhajar dara da ya saka kyauta, ita ta lalube aljihun.
Na san wannan. An taɓa kawo mini arba'in da bakwai na jabu,
kwat ɗin wani likita ya fita a kafaɗar baƙo,
na biya da albashin wata huɗu.

Maganin maɓalli ɗaya ne: fita daga ko'ina.
Duk lambobin su mutu lokaci guda.
Ta ɓarawo.
Da tamu.

Na ce ta ba ni dare ɗaya.
Na kwashe sunayen waƙoƙin a littafin cefane,
ɗari biyu da goma sha ɗaya,
har da wata da ban san yana ji ba,
ya ajiye ta sau uku a jeri uku.
Wajen asuba ɓarawon ya yi barci, ya bar mini fili.

Da yatsana na danna, ban ba Nutsa ba.
Allon ya yi fari. Akwati biyu, babu kowa.
Barka da zuwa, wai. Shiga.

A wurin aiki akan sami kwat ɗaya
da ke kwana a ƙugiya bayan kowa ya watse.
Nakan jira minti goma,
in kakkaɓe kafaɗarsa,
sannan in kashe fitila.